Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Tarihin Taimako Cikin Rukuni, Daga Landan Zuwa Kiyawa



A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar man fetur ta kife a garin Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura. Jama'a suka taru suna kwasar man da ke malala, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu. Mu da ke Dutse ba mu manta da wannan mako ba. An yi jana'iza, manya sun je ta'aziyya, an kai gudummawa. Amma duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san ranar da ta fi nauyi ita ce ranar da aka naɗe tabarmi, baƙi suka koma gidajensu, aka bar gwauruwa da 'ya'yanta su kaɗai a tsakar gida. Daga wannan rana, wa ke zama da su?

Akwai sana'ar da aka kafa domin amsa irin wannan tambaya. Ita ce aikin jin daɗin jama'a, wanda mutanenmu suka fi sani ta ofishin walfiya, inda ake kai rikicin aure da maganar yaran da aka yasar. Masu koyar da wannan sana'a sun daɗe suna raba ta gida uku: aiki da mutum ɗaya-ɗaya, aiki da ƙaramin rukuni, da aiki da al'umma gaba ɗaya. Na tsakiyan nan muke so mu bi tarihinsa yau, wato tara mutum shida zuwa goma sha biyu masu damuwa iri ɗaya, su riƙa zama a kai a kai tare da wani mai jagora, har su zama masu taimakon juna. Wannan tarihi ya shafe mu, gama wani sashe nasa a majami'u ya soma, wani sashen kuma a nan kusa da mu aka rubuta shi, a ƙauyukan Kiyawa.

Abin da muka tarar a gida

Kafin a buɗe makarantar koyon wannan aiki ko ɗaya a duniya, ƙasar Hausa tana da hanyoyinta. Ta farko ita ce gayya. In damina ta yi nisa ciyawa ta fi ƙarfin mai gona, sai ya gayyaci samarin gari, a dama fura, a tuƙa tuwo, makaɗan noma su zo da ganga, a gama a wuni ɗaya aikin da zai ci wa mutum guda makonni. Haka ake yi wajen ɗora jinka, da yaɓen ɗaki, da gyaran hanya. Daga baya, a zamanin tsohuwar Jihar Kano, wadda Dutse ke cikinta har zuwa 27 ga Agusta, 1991, wannan al'ada ta haifi ƙungiyoyin taimakon kai da kai masu yashe magudanan ruwa da gyaran maƙabarta.

Ta biyu ita ce adashi. Mata goma ko ashirin su amince da uwar adashi, kowa ta yi zubi a ranar da aka sa, a riƙa kwasa bi da bi. Ba takarda, ba kotu. Abin da ke riƙe da shi amana ce da kunyar ido. In wata ta shiga matsala kafin layinta ya zo, sau da yawa akan yi mata musanya ta kwasa da wuri.

Ta uku ba a cika ambatonta ba. A manyan garuruwan Hausa akwai Sarkin Makafi, da Sarkin Guragu, da Sarkin Kutare. Mutanen da lalura ɗaya ta haɗa sun tsara kansu, suna da shugaba da ke sasanta su, yana karɓar baƙonsu, yana magana da yawunsu a fada. A cikin ikilisiya kuma iyayenmu mata sun kafa Zumuntar Mata tun kafin ƙasar nan ta sami 'yancin kai. Su ne ke fara isa gidan haihuwa da gidan rasuwa, da itace da tsaba da ruwa.

Waɗannan duka gado ne mai daraja, amma suna da iyaka. Gayya tana nome gona, ba ta tambayar mai gonar abin da ke hana shi barci. Adashi na mai abin zubi ne, wanda ba shi da ko sisi ba ya ciki. Akwai kuma damuwar da kunya ke hana a kai ta dandali: shaye-shaye, yoyon fitsari, dukan mata, baƙin cikin da ya ƙi wucewa. A wannan gurbi ne tarihin da za mu ba ku ya shigo.

Kwabo ɗaya a mako

A shekara ta 1742, mabiyan John Wesley a birnin Bristol na Ingila suna da bashin ginin ɗakin taronsu. Sai aka kawo shawara a raba jama'a kashi-kashi, kimanin mutum goma sha biyu a kowane kashi, a sa mutum ɗaya ya riƙa bi yana karɓar kwabo ɗaya a mako daga kowa. Kusan adashi ke nan. Amma masu karɓar kwabon suka riƙa dawowa da labarin da ya fi kuɗin: wane ya koma shan giya, wance ba ta da lafiya, gidan wane ba zaman lafiya. Wesley ya gane ya sami hanyar kula da dubban mutane da ba zai iya ziyarta shi kaɗai ba. Ba a daɗe ba aka daina bi gida-gida, kowane kashi ya riƙa haɗuwa wuri ɗaya sau ɗaya a mako, kowa ya faɗi halin da yake ciki.

Bayan shekara ɗari, masana'antu sun janyo samari daga ƙauyuka zuwa biranen Ingila, inda ba dangi ba mai tsawatarwa. A ranar 6 ga Yuni, 1844, wani yaron shagon yadi mai shekara 22, George Williams, ya haɗu da abokansa goma sha ɗaya a Landan suka kafa YMCA. A 1883 wani malamin makarantar Lahadi a Glasgow, William Alexander Smith, da ya rasa yadda zai yi da yaran ajinsa marasa ji, ya kafa Boys' Brigade, wadda ta iso Legas a 1908, kuma har yau muna jin gangunanta a majami'unmu.

Babban mataki ya zo ne daga wani limamin cocin Angilikan, Samuel Barnett, da matarsa Henrietta. A 1873 aka tura shi ikilisiyar St Jude a unguwar Whitechapel, ɗaya daga cikin unguwanni mafi talauci a Landan. A lokacin, masu taimakon talakawa sun fi bin tsarin wata ƙungiya da aka kafa a 1869, wadda ke aika mutum ya binciki iyali, ya tantance ko sun cancanci sadaka. Barnett ya ga mai kuɗi da talaka ba su san juna ba sam. A 1884 ya buɗe wani gida mai suna Toynbee Hall, inda ɗaliban jami'o'in Oxford da Cambridge za su zo su zauna a cikin unguwar a matsayin maƙwabta, su buɗe azuzuwan dare da kulob-kulob na yara da na ma'aikata. Cikin samarin da suka yi aiki a gidan akwai Clement Attlee, wanda ya zama firaministan Birtaniya a 1945.

Wata Ba'amurkiya, Jane Addams, ta ziyarci gidan, ta koma ta buɗe irinsa tare da ƙawarta Ellen Gates Starr a birnin Shikago a 1889, mai suna Hull House. Baƙin haure daga Italiya da Girka da Rasha da sauran ƙasashe suka riƙa haɗuwa a can rukuni-rukuni, suna koyon harshe, suna renon yara, suna tattauna yadda za a kwashe sharar unguwa da hana sa ƙananan yara aiki a masana'antu. A 1931 aka ba Addams lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya. Darasin waɗannan gidaje shi ne, talaka yana da abin bayarwa, kuma in aka haɗa shi da 'yan'uwansa yakan gano hakan da kansa.

Ajin masu tarin fuka

Wani reshe na tarihin ya fito daga wajen marasa lafiya. A 1905 wani likita a birnin Boston, Joseph Pratt, yana da majinyata masu tarin fuka waɗanda ba su da kuɗin kwanciya a asibitin jinya na musamman. A lokacin ba a gano maganin cutar ba tukuna, abin da ake da shi hutu ne da iska mai kyau da abinci. Da taimakon kuɗi daga cocin Emmanuel na birnin, Pratt ya riƙa tara su sau ɗaya a mako. Kowa yana da littafin da yake rubuta nauyinsa da zafin jikinsa da awannin da ya yi a waje. Nufinsa ya rage wa kansa wahalar maimaita bayani ɗaya ga mutane da yawa. Sai ya lura da wani abu: in sabon majinyaci ya ga wanda ya riga shi zuwa ya ƙara ƙiba, yakan sami ƙarfin bin ƙa'ida fiye da yadda maganar likita ke ba shi.

Bayan shekara 30, a 1935, mutum biyu da giya ta kusa hallakawa, wani ɗan kasuwar hannun jari da wani likita, suka haɗu a garin Akron na Amurka. Suka gane cewa mashayi ya fi jin maganar wanda ya taɓa shiga irin raminsa. Daga haɗuwarsu aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda yanzu take da rukunoni a ƙasashe da yawa na duniya.

Masana sun zo daga baya sun ba waɗannan abubuwa suna. Mutum yakan sami sauƙi in ya gano ba shi kaɗai ba ne. Yakan sami bege in ya ga wanda ya haye. Wanda kuma aka ba shi zarafin taimakon wani, sau da yawa shi ne ya fi amfana, domin mutuncinsa da ya zube yana dawowa. Mai ba da shawara ɗaya, komai iliminsa, ba zai iya ba mutum waɗannan ukun shi kaɗai ba.

Yadda aikin ya shiga makaranta

Koyar da aikin jin daɗin jama'a a aji ya fara ne da wani kwas na bazara a New York a 1898, da wata makaranta a Amsterdam a 1899. Amma a farko aiki da mutum ɗaya-ɗaya ne ya mamaye manhaja, musamman bayan littafin da Mary Richmond ta wallafa a 1917 kan yadda ake binciken halin iyali. Masu aiki da kulob na yara da matasa ana yi musu kallon masu shirya wasanni kawai.

A 1923 Jami'ar Western Reserve da ke Cleveland ta fara koyar da aikin rukuni a matsayin darasi. A can ne Grace Coyle, wadda ta yi shekaru tana aiki da 'yan mata ma'aikatan masana'antu a YWCA, ta koyar daga 1934. Ita da abokan aikinta suka nace cewa jagorancin rukuni fasaha ce da ake koyo. Ɗalibi zai je ya zauna da rukuni na gaske, ya dawo ya rubuta abin da ya faru: wa ya yi magana, wa ya yi shiru, wa aka ware, shi kuma me ya yi a kai. Sai malaminsa ya zauna da shi su bi rubutun layi-layi. A 1935 babban taron ma'aikatan jin daɗin jama'a na Amurka ya ware wa aikin rukuni sashensa. A 1955, da ƙungiyoyi bakwai suka haɗe suka zama ƙungiyar ƙasa guda, masu aikin rukuni suna cikinsu.

Akwai wata mace da ya kamata matasa su san labarinta, Gisela Konopka. Bayahudiya ce da ta tashi a Jamus cikin ƙungiyoyin matasa, ta ga da idonta yadda 'yan Nazi suka yi amfani da waƙa da tuta da zumuncin samari suka mai da yara masu ƙiyayya. Ta yi adawa da su, aka tsare ta, daga baya ta tsere ta isa Amurka a 1941, ta koyar shekaru da yawa a Jami'ar Minnesota. Abin da ta riƙa koya wa ɗalibanta shi ne, rukuni yana da ƙarfin gyara mutum, yana kuma da ƙarfin lalata shi. Ma'aunin rukuni mai kyau shi ne ko mutum zai iya cewa bai yarda ba, a kuma ci gaba da zama da shi. Mu da muka ga yadda ake tara samari a ba su ƙwaya da makami lokacin zaɓe, ba ma bukatar a fassara mana wannan gargaɗi.

Sai kuma abin mamaki ya faru. Daga ƙarshen shekarun 1960 makarantu a Amurka suka koma koyar da hanyoyin uku a dunƙule, da nufin kowane ɗalibi ya iya komai. A cikin dunƙulewar, aikin rukuni ya shiga inuwa. A farkon shekarun 1960 kimanin kashi uku cikin huɗu na manyan makarantun suna da fannin ƙwarewa a aikin rukuni. Zuwa farkon shekarun 1990 waɗanda suka rage ba su kai ɗaya cikin goma ba. Ma'aikata suka riƙa fita ana ba su rukunoni su jagoranta alhali ba a taɓa koya musu ba. Wannan ne ya sa masu kishin fannin suka kira taro a Cleveland a 1979 domin farfaɗo da shi. Mu ma da muka bi ta makarantar tauhidi mun san irin wannan giɓi. An koya mana tsayawa gaban mutum ɗari biyu mu yi wa'azi, an koya mana zama da mutum ɗaya a ofis, amma zama cikin da'irar mutum takwas mu yi shiru su yi magana, wannan a bakin aiki muka koye shi, da kurakurai masu yawa.

Isowarsa Nijeriya

Aikin walfiya na gwamnati ya fara ne a Legas lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da yara marasa galihu suka cika tituna da bakin tashar jiragen ruwa. Wani jami'in Birtaniya, Donald Faulkner, ya jagoranci aikin daga farkon shekarun 1940. Cikin abubuwan farko da aka yi akwai masaukin yara mai suna Green Triangle da aka buɗe a 1942, da kulob-kulob na samari a unguwanni, inda ake dambe da ƙwallo ana kuma koya musu tafiyar da al'amuransu. A 1943 aka kafa dokar yara da matasa, wadda ta kawo kotun yara. Ashe tun ranar farko, aikin jin daɗin jama'a a ƙasar nan da rukuni ya soma.

Bayan Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970, yawan marayu da gwauraye da naƙasassu ya tilasta wa gwamnatin tarayya shiga aikin sosai, har ta kafa doka kan raya jin daɗin jama'a a 1974. A 1976 Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ta fara koyar da fannin, a Arewa kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta horar da jami'an walfiya da na raya karkara masu yawa. Sai a ƙarshen 2022 aka sa hannu kan dokar kafa majalisar da za ta tsara sana'ar a ƙasa baki ɗaya. Wannan jinkiri ya nuna mana yadda ma'aikatan suke da ƙaranci in aka gwada da bukata. A jihar da ke da ƙananan hukumomi 27 da miliyoyin mutane, ba zai yiwu a bi kowa ɗaya-ɗaya ba. Ko don wannan kaɗai, rukuni ya zama dole.

Jahun da Kiyawa

A Jigawa, taimakon gwamnati da aka fi tunawa shi ne alawus ɗin naira 7,000 a wata da gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu a 2007. Kuɗi yana da amfaninsa, amma akwai ayyukan da suka bi ta hanyar haɗa mutane. Shirin Haihuwa Lafiya ya sa ƙauyuka su tsara kansu domin mace mai naƙuda: asusun gaggawa, masu ba da jini, da direbobin da suka yarda a tashe su ko da tsakar dare. Wannan gayya ce aka ɗauko daga gona aka kai ƙofar ɗakin haihuwa.

A babban asibitin Jahun, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008. Macen da ta kamu da wannan lalura sau da yawa takan yi shekaru a ware, wata miji ya sake ta, wata ta daina shiga mutane saboda wari. Jinyar takan ɗauki makonni, don haka matan kan zauna tare. Wadda ta zo tana zaton ita kaɗai ce a duniya sai ta tarar da ɗaki cike da irinta, ta kuma ga wadda aka yi wa aiki ta warke tana shirin komawa gida. Abin da Pratt ya gani a Boston a 1905 ke nan, a ƙasarmu da harshenmu.

Gwaji mafi girma kuwa a Kiyawa aka yi shi, maƙwabciyarmu. Tushensa daga nesa yake. A farkon shekarun 1990 ƙungiyar Save the Children ta gwada wata hanya a ƙauyukan Bolibiya: mata su riƙa haɗuwa da mai jagora, su bi matakai huɗu. Su gano matsalolinsu su zaɓi mafi tsanani, su tsara abin da za su yi, su aikata, sa'an nan su zauna su auna. Da aka gwada hanyar a gundumar Makwanpur ta ƙasar Nepal, sakamakon da aka wallafa a 2004 ya nuna mutuwar jarirai sabbin haihuwa ta ragu da kimanin kashi 30 cikin ɗari. Da aka haɗa gwaje-gwaje daga ƙasashe da dama, aka ga amfanin ya fi fitowa inda aƙalla kashi 30 cikin ɗari na masu juna biyu suke halartar zaman. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa amfani da hanyar a karkara.

A 2021 da 2022 aka kawo ta ƙaramar hukumar Kiyawa, cikin wani shiri mai suna INSPIRING, wanda Save the Children ta gudanar tare da masu bincike daga Jami'ar Ibadan da wata jami'a ta Landan. An kafa rukunonin mata da na maza dabam-dabam domin tattauna lafiyar yara, musamman ciwon nimoniya, an kuma horar da ma'aikatan lafiya. An raba yankunan gida biyu, wasu da shirin wasu babu, domin a gwada. Da aka wallafa sakamakon a 2024, bai nuna raguwar mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a fili ba.

Mun kawo wannan ne da gangan, gama tarihin da ke ba da labarin nasara kaɗai ba ya koyar da kowa. Hanyar da ta yi aiki a Nepal ba ta ba da irin wannan sakamako a Kiyawa ba cikin shekara biyu. A namu ganin, darasin shi ne rukuni yana iya sa uwa ta gane numfashin ɗanta ya canza, ya sa maƙwabta su haɗa kuɗin mota, amma ba zai zama magani ko iskar oksijin ko hanya mai kyau ba. Rukuni yana bukatar lokaci, da isassun mahalarta, da wurin da zai miƙa abin da ya fi ƙarfinsa. Waɗanda suka auna aikinsu suka faɗi gaskiyar abin da suka samu sun cancanci girmamawa, sun kuma bar mana misali.

Abin da ya rage gare mu

A Littafin Fitowa sura 18, surukin Musa ya same shi yana zaune daga safe har yamma yana sauraron jama'a shi kaɗai, ya gargaɗe shi cewa zai gaji, jama'ar ma za su gaji. Shawarar da ya ba shi ta gangaro har zuwa shugabannin mutum goma-goma. Zumuntarmu ta matasa ta iya taron mutum ɗari: waƙa, wasan kwaikwayo, gasar karatu. Amma a cikin ɗarin nan akwai wanda ya gama makaranta shekara huɗu ba aiki, akwai wadda ta rasa mahaifi ba ta taɓa yin kuka a gaban kowa ba, akwai wanda maganin tari da ƙwaya suka riƙe. Suna zuwa, suna tafa hannu, suna komawa da kayansu.

Tarihin nan ya bar mana ƙa'idodi kaɗan da aka saya da tsada. Rukuni ya zama ƙarami, yadda kowa zai ga fuskar kowa. A san dalilin haɗuwa, da ranar farawa, da ranar da za a zauna a auna. Abin da aka faɗa a ciki ya tsaya a ciki, kada ya fito da sunan roƙon addu'a, domin gulma ɗaya ta isa ta kashe amanar shekara. Mai jagora ya rage magana, ya lura da mai shiru, ya hana a taru a kan mutum ɗaya. Kada a tsorata in saɓani ya taso bayan 'yan makonni, masana sun daɗe da lura cewa rukuni yakan bi ta wannan mataki kafin ya daidaita. In kuma aka ji maganar da ta shafi ran mutum, kamar mai tunanin kashe kansa, ko yarinyar da ake lalata da ita, ko jaririn da numfashinsa ke sarƙewa, a nufi asibiti ko ofishin walfiya ko hukuma a ranar, ba a jira zama na gaba ba.

Ga waɗanda ke neman abin da za su karanta a jami'a, muna roƙonku ku sa wannan fanni cikin lissafinku. Jihar nan tana bukatar masu wannan ilimi, kuma aiki ne da ba ya tambayar addinin mai kuka. Ambaliyar 2022 da ta ci gidaje da gonaki a Jigawa ba ta zaɓi gida ba, wutar Majiya ma haka. Maƙwabtanmu Musulmi suna da nasu hanyoyin zumunci da taimako, akwai kuma wurare da yawa da za mu yi gayya tare.

Kafin taronmu na gaba, kowa ya tuna da mutum ɗaya da aka naɗe tabarmi aka bari. Ku zo da shi a zuciyarku, mu ga ko za mu sami mutum takwas da za su yarda su zauna tare sau ɗaya a mako har wata uku. Ubangiji ya ba mu kunnen sauraro da bakin riƙe amana. Amin.